Tururuwar Malam Garba

Wata Laraba ce, gab da faɗuwar damina, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Gurbin Bore, Malam Garba mai koya muna kimiyya ya fita da mu daga aji zuwa gindin tsamiya. Tururuwa ce ta yi layi, kowace ɗauke da farin ƙwai, tana hawa tudu. Yac ce mu faɗi abin da munka gani. Ni da ba ni iya zama wuri ɗaya, nai tsalle nic ce, "Ruwa za a yi, Malam!" Ya ja min kunne yana dariya. "Kai gaggawa, ruwan ka gani? Faɗi abin da ido ya ba ka tukuna, sannan abin da ka fahimta, hasashe shi ne autansu."

Haka munka koma bin komi da kallo. In na tafi ɗibar ruwa da jaki sai in tsaya duban sawun awaki, in gane wadda ke ɗingishi. Wajen langa ma lura nake da ƙafar da yaro ke ji da ita kafin in ture shi. Da anka yi binne a gonarmu, wato shuka gero cikin busasshiyar ƙasa a jira ruwa, na tona rami na ga irin bai kumbura ba, nic ce wa Malam yayyafin jiya bai kai gare shi ba, zai tsira in babban ruwa ya zo. Ya tsira kuwa. Ranar Malam yac ce shi da kansa zai kai ni jarrabawar makarantar kimiyya, in dai na zauna na ƙare aji uku.

Ban ƙare ba. Rashin tsaro ya sa anka rufe makaranta, yayana ya ɗauke ni zuwa Ƙaura, ya koya min babur. Da anka buɗe, Malam ya aiko a kira ni, ni kuwa iskar hanya ta riga ta shige ni.

Yanzu fasinja nake kaiwa Shinkafi da Galadi. In na ga sabon sawun babura da yawa ya ratsa daji, kuma ba kowa cikin gonaki, juyawa nake ba gardama. Da can don daɗi nake lura, yanzu don in koma gida da rai. Malam ya so idon nan ya kai ni nesa da haka.