Gangunan da na ba da mobilet a kansu

Wawan wannan labari ni ne, gara in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni. Lakwal ɗina, wato karatun boko, a aji huɗu ya tsaya, amma ko mai digiri taubashina zai iya sayar da shi a kasuwa ya dawo da canji.

Shi jita yake kaɗawa a wani ɗan rukunin makaɗan biki. Bayan na bar aikin planto, wato masinjan ofis, ya same ni a zaure ya ce mai gangarsu ya tafi haƙar zinariya a arewa, in na samo batiri, wato gangunan nan na zamani masu feda da faranti, kujerar tawa ce. Ya tuna mini yadda nake kaɗa ganga a dandali muna samari. Ni ma na tuna, har na ƙara gishiri.

A Gaffati na samu wasu, a ɗakin ajiyar wani tsohon soja. Kaza ta yi ƙwai cikin babbar gangar. Na ba shi mobilet ɗina, ɗan babur ɗin da nake hawa, ya ba ni su, har da kashin kajin kyauta. Amalanke na bi zuwa gida.

Wata uku ina yawo a ƙasa saboda gangunan nan. Fatun roba duk sun yage, na kai wa majemi ya ɗaura na akuya. Mai walda ya haɗa fedar da sarƙar keke. Farantin tagullar ya tsage, maƙeri ya yanke bakin, ya koma kamar murfin tukunya. Na goge tsatsa da toka da lemun tsami har yatsuna suka saɓule. Kullum da hantsi ina zaure ina gwaji, taubashi yana leƙowa yana cewa hannuna bai mutu ba.

Ranar wani biki a Dogo suka zo da mota suka kwashi gangunan. Taubashi ya ce babu wuri, in biyo ta baya. Na sa sabuwar riga, na soka sanduna biyu a aljihu, na isa bayan la'asar.

Tun daga bakin gari na ji muryar fatata ta akuya. Na kutsa cikin taro, sai ga mai haƙar zinariya zaune a kujerata. Ashe ya fi wata biyu da dawowa, gangunansa ne kawai babu, ya sayar ya yi kuɗin mota. Taubashi ya sani tun ina gugar tsatsa.

Da ya hango ni sai ya ja lasifika ya ce, "Jama'a, ga bawana, shi ke mana gyaran kaya. A tafa masa!"

Aka tafa. Taubashi ne, ba a fushi da shi a gaban mutane, sai a ce ba ka san wasa ba. Na yi dariya da su, sanduna suna sukata a haƙarƙari. Shekara sittin muna cin tuwo a kwano ɗaya da mutumin nan.

Da na koma gida na zayyana wa matata komai, na ce gobe zan kai ƙara wurin manyan dangi, an ci amanata. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, wata uku ina jin kiɗanka a zaure. Asirinka ya rufu."