Sakamakon Ummi da Ba a Buɗe Ba

Akwai ranar da har gobe ba na mantawa da ita a aikin nan, wata Litinin cikin damina, ina shekara ta huɗu a ɗakin gwaje-gwajenmu na Bompai. Lokacin ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ni ke kula da na'urar PCR.

Ga wanda bai sani ba, mukan ciro ƙwayar halittar cutar daga bayan gidan mara lafiya, na'urar ta yi ta ninka ta har mu gane ainihin irinta. Abin da a da yakan ci kwanaki, yanzu sa'o'i ne.

Da safe aka kawo samfur daga asibitin wani kamfanin jima a Challawa. Na Ummi ne, 'yar shekara uku, 'yar wani lebura Malam Habu mazaunin Panshekara. Gudawa take yi da jini. Kafin la'asar sakamako ya fito: E. coli ce, irin mai fitar da dafi. Wannan irin, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana iya sa ta ƙara zubo dafin ya taɓa ƙoda. Ƙarin ruwa ake yi, a sa ido. A takardar da ta rako samfurin kuwa na ga an riga an fara ba ta maganin.

Nan take na kira likitan asibitin kamfanin. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ku duba sakamakon nan kafin a sake ba ta."

Ya ce, "Malama, gwaji naki ne, magani nawa ne." Ya kashe waya.

Na je wurin ogana. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kin faɗa masa, ai kin fita. Kada ki ɓata mu da kamfanin." Sai na ja layi da jan biro a ƙarƙashin gargaɗin da na rubuta a takardar sakamakon, na sa a ambulan na aika wa likitan. Na koma gida ina ganin na yi nawa.

Ranar Alhamis wani mutum ya shigo, duk jikinsa warin fata, ya durƙusa a bakin kanta. Malam Habu ne. Ya ce, "Hajiya, an mai da Ummi babban asibiti, su ne suka ce in karɓo takardar gwaji. Kwana biyu yarinyar ba ta yi fitsari ba, fuskarta ta kumbura."

Na ba shi kwafi, na tari keke napep sai Challawa. Ambulan ɗina na nan a kan teburin likitan, a manne yadda na aika shi, an ɗora kofin shayi a kai. Na yage bakinsa a gaban likitan. Na ce, "Karanta! Da 'yar manaja ce, kwana uku zai yi a nan?"

Ya ce zai kai ƙarata. Ya kuwa kai, aka ba ni takardar gargaɗi saboda rashin ladabi. Shi ko tambayarsa ba a yi ba.

Ummi ta rayu bayan wankin ƙoda, amma har yau ana kai ta asibiti a duba ta. Ba zan rantse maganin ne ya jawo ba, domin dafin shi kaɗai yana iya yin haka. Abin da ke ƙona min rai shi ne, mun sani tun Litinin. Kuma ina jin haushin kaina da na tsaya a jan biro, alhali Bompai zuwa Challawa ba tafiyar yini ba ce.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, na'ura za ta gaya muku sunan cuta, amma ba za ta tilasta wa kowa ya saurara ba. In sakamako ya shafi ran yaro, ku bi shi da ƙafarku har sai an karanta a gabanku. Takardar gargaɗi ba ta taɓa kai kowa wankin ƙoda ba.