Hannun Hagun Bitrus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Bitrus, kuma tun daga ranar hannuna na hagu ba shi da wani aiki sai riƙe sanda. Wanda bai yi sikawut ba zai ce tsufa ya fara taɓa Malam Sa'adu, to bari in yi bayani. 'Yan sikawut ba sa gaisawa da hannun dama. Da hagu suke musabaha, kuma ni da Bitrus haka muka riƙa gaisawa tun muna 'yan firamare har furfura ta cika mana kai.

Muna ajin ƙarshe a Jimeta aka yi wani babban sansanin 'yan sikawut a wani fili da ke hanyar Damare. Sai da aka sa mu muka sare sabara muka kwashe ƙaya kafin baƙi su iso. Da suka iso kuwa, ban taɓa ganin yara da yawa haka ba: manyan motoci daga Kano, daga Jos, har daga Ikko, kowa da gajeren wandon kaki da ɗankwali a wuya. Tantuna suka cika filin har iya ganinka. A nan na fara jin yaro kamata yana Turancin kasuwa kamar da shi aka haife shi, a nan kuma na fara cin teba, na kwana biyu ina tuhumar cikina.

Tanti ɗaya aka haɗa mu da Bitrus, ɗan wani malamin asibiti daga wajen Ganye. Ni aka ba wa ɗaurin igiyoyi, na ɗaure su irin ɗaurin da nake yi wa akuyar Goggo. Ya zagaya ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Kai, Sa'adu, wannan tanti ba zai kai la'asar ba." Na ce ya kama gabansa. Hadari ya taso da azahar, tantinmu ne ya fara tashi, muka bi shi da gudu yara suna yi mana dariya. Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Turaku ya miƙo mini ya ce in riƙe, shi ya ƙulla, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da muka gama ya miƙo mini hannun hagu. Shugabanmu ya riga ya gaya mana dalilin: da hagu mayaƙi ke riƙe garkuwa, wanda ya ba ka hagu ya ajiye garkuwarsa ke nan, ya yarda da kai. Ranar tashi aka ba kowane tanti dashen darbejiya, muka dasa tamu kusa da rijiyar da aka haƙa don sansanin.

Na koma gida da ɗoki, na tarar da Bappa Hammadu, yayan mahaifina, zaune a zaure. Na ƙame, na miƙa masa hagu. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "Hannun tsarki kake miƙo mini? Abin da suka kai ka daji suka koya maka ke nan?" Ranƙwashin da na sha ranar har yau ina jin wurinsa idan ana yi mini aski. Daga nan na gane cewa a garin nan mutum ɗaya ne kawai zan iya ba wa wannan hannu. A kasuwa, a ɗaurin aure, a ofishin ilimi inda muka yi ta jeka-ka-dawo kan ƙarin girma bayan mun zama malamai, da mun haɗu sai hagu da hagu, mutane suna kallonmu kamar marasa tarbiyya. Matata kan ce sabo turken wawa. Matarsa, Mama Rahila, cewa take yi mu biyun ba mu taɓa dawowa daga sansanin ba.

Sansanin mako ɗaya ya yi, amma ya bar baya. Hanyar da aka share don motocin baƙi ita manoman wajen suka ci gaba da bi. Matan da suka zo sayar mana da ƙosai da masa ba su tashi ba, rumfunansu suka zama 'yar kasuwa. Rijiyar ta shayar da mutane da shanu shekara da shekaru, kuma direbobi suka riƙa kiran wurin Filin Sikawut, har waɗanda ba su san dalili ba.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Mun yi ritaya muna zaman shan shayi a Damilu sai tashin hankali ya koro mutane daga Gwoza da Madagali da Michika da Mubi. Suka shigo Yola a ƙafa, a bayan tifa, wasu da tabarma, wasu da rigar jikinsu kawai. Wata safiya Bitrus ya tsaya a ƙofar gidana da tsohon usur ɗinsa a wuya, ya ce, "Tashi, an kawo tantuna Malkohi, kuma na ji masu kafawa irin ɗaurinka suke yi." Muka tafi, tsofaffi biyu, shi yana ƙulli ni ina riƙe turaku kamar dā. Sai dai wannan karon babu mai dariya idan tanti ya faɗi.

A can muka ga wani magidanci, Malam Bukar, manomi daga wajen Gwoza. Harsashi ya same shi a hannun dama, raunin ya ruɓe a kan dutse kafin su sauko, likitoci suka yanke daga gwiwar hannu. Kullum yana zaune bayan tanti, ya ja mayafi ya rufe kafaɗarsa. Ba ya zuwa inda maza ke taruwa. Daga baya muka gane ba ciwon ne ya ɓoye shi ba, gaisuwa yake gudu. Mutum ya miƙo maka dama, kai kuma ba ka da abin mayarwa sai hannun da aka hana ka miƙawa tun kana yaro. Masu tausayi sukan fara miƙa hannu, su tuna, su janye da sauri su dafa ƙirji, shi kuwa wannan janyewar ta fi masa zafi.

Bitrus bai san da wannan duka ba. Ya je gyara igiyar tantin, ya yi sallama, hannunsa na hagu ya fita da kansa kamar yadda ya saba yi mini. Malam Bukar ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya fito da nasa daga cikin mayafi, suka yi musabaha. Ya ce, "Baba, wa ya gaya maka?" Bitrus ya ce, "Ba wanda ya gaya mini komai. Mu haka muke gaisawa. Tambayi wancan, har duka ya sha a kai." Ranar na fara ganin haƙoran Malam Bukar.

Bayan 'yan shekaru hawan jini ya kwantar da Bitrus, da ya cika muka kai gawarsa garinsu muka dawo. Sauran 'yan tantinmu sun riga shi tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mama Rahila ta koma wurin ɗanta a Jalingo. Ba na jin kunyar faɗa, kaɗaici ya dame ni. Ina da 'ya'ya da jikoki, Allah ya yi musu albarka, amma idan na fara labarin tantin da iska ta ɗauka sai in ga idanunsu sun koma kan waya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in mutu a ce babu sauran abin da ya rage na mutumin nan a garin da ya yi wa hidima.

Shi ya sa a makon jiya na hau Keke Napep na ce a kai ni Filin Sikawut. Yaron ya ce bai san shi ba. Da kwatance muka je. An yanka filin fuloti-fuloti, katanga tana bin katanga. An rufe rijiyar da kankare. Darbejiyarmu tana nan, amma a cikin gidan wani, rassanta kawai na hango ta saman waya mai ƙaya. Na tsaya ina tambayar kaina me Bitrus zai ce. Na san shi, ba zai yi ƙorafi irina ba. Zai leƙa igiyar shanyar matan gidan ne ya ce ɗaurin ba zai kai la'asar ba.

Ban iya komawa gida haka ba, na ce yaron ya wuce da ni Malkohi. Tantuna sun zama gidajen laka da kwano, don da yawa ba su koma ba. Ina tafe ina dogara sanda sai na ji an ce, "Baba mai turaku!" Malam Bukar ne, zaune a gaban wani ɗan shagon hatsi, ba mayafi a kafaɗarsa. Ya taso da hannun hagu a miƙe. Sai da na mayar da sandata dama kafin na iya karɓa.

Ya ce, "Ina abokinka mai usur?"

Ashe bai ji ba. Na gaya masa. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai, bai saki hannuna ba. Muna tsaye haka wani dattijo ya zo wucewa, aka ce mini limamin unguwar ne. Ya yi sallama, ya miƙa wa Malam Bukar hagu ba tare da ya ko yi tunani ba, suka gaisa ya wuce. Malam Bukar ya ce, "Duk unguwan nan haka suke mini yanzu. Na ce musu wani baba ne ya koya mini, gaisuwan masu yarda ne."

Rijiya ta rufu, sunan fili ya ɓace, itacen ya zama na wani. Abin da ya saura na Bitrus shi ne wanda ban taɓa sa shi a lissafi ba, abin da Bappa Hammadu ya ranƙwashe ni a kai. A wata unguwa da ba a san sunansa ba, mutane suna ajiye garkuwarsu kullum saboda mutum ɗaya. Na dawo Damilu ni kaɗai kamar yadda na fita, babu mai jirana da usur a ƙofar gida. Sai da na zauna na lura sandar tana hannuna na dama har yanzu.