Gangar da Muka Kai Pleasant Garden

Haƙƙin da ɗan'uwanmu yake da shi a kanmu guda biyu ne, kuma dukansu a rubuce suke a littafin ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Greensboro a Amurka, wanda nake riƙe da shi a matsayin sakatare. Na farko, duk ɗan ƙungiya da ya kwanta jinya a sa sunansa a jerin dubiya, mutum biyu su je masa kowane mako. Na biyu, duk wanda ya kawo wa kwamiti roƙo a rubuce, a karanta shi a gaban taro kafin a yanke shawara. Mun saɓa na biyun tun yana tafiya da ƙafafunsa, muka saɓa na farkon bayan ya daina.

Ɗan kokawa ne tun daga gida. Mutanen yankinsu sun shaida mini cewa ba su taɓa ganin gwiwarsa ta taɓa yashi ba, kuma makaɗa sun yi masa take nasa na kansa. Da ya zo nan a farkon shekarun dubu biyu, sai ya kama aikin lodi a wani sito da ke kan titin Wendover. A can wani abokin aikinsa ya ga yadda yake ɗaga kaya, ya kai shi wurin masu koyar da kokawar Turawa, wato resilin, irin ƙananan nan da ke yawo gari-gari suna wasa a ɗakunan taro.

Ni kaɗai ya gaya wa, domin ni nake cike masa takardu.

"Malam Sakatare, ka san abin da suka fara koya mini? Faɗuwa. Ina zubewa ta baya, mutum yana tafa mini."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin. A wajensu ba kaye ba ne, aiki ne. Tun a ɗakin sauya kaya ake gaya maka wanda zai ci. In mutum ya zo ɗaga ka, kai za ka taimake shi: ka saki jiki, ka ɗan yi tsalle. In ka ƙi, ku biyun za ku ji ciwo."

Yana son aikin, wannan na shaida. Ya shekara huɗu a ciki. Ya ce abokan wasansa suna yabonsa da cewa ba ya ji wa kowa ciwo, kuma wannan yabon ya fi masa daɗi fiye da yadda ya zata.

Wani direban tasi daga cikinmu ne ya ga hotonsa manne a gidan mai, ya ɓalle takardar ya kawo masallaci ranar Juma'a. Kafin la'asar an gama magana: ɗanmu zai kara da Ba'amurke ranar Asabar ta sama, za mu je, kuma za a tafi da ganga. Muna da wani dattijo mai yankan ciyawa a filin golf na Sedgefield, makaɗin 'yan kokawa ne a da, ya zo ƙasar nan da gangarsa, kuma ya san taken mutumin.

Ɗan kokawar ya zo gidana da kayan aiki a jikinsa. Bai iya rubutu ba, saboda haka ya faɗa na rubuta, ya sa hannu. Takardar tana nan. Ga abin da ke cikinta: "Ku zo kallo in kuna so, amma don Allah kada a zo da ganga. Ranar an tsara ni ne zan faɗi. In na ji takena ban san abin da jikina zai yi ba."

A taron kwamiti na miƙe zan karanta. Shugabanmu, wanda muke kira Alhaji, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ajiye takardar nan. Kunya ce irin ta mazaje. Wane ɗan kokawa ne ke ƙin kiɗa?"

Na ce a ciki ya bayyana cewa wasan shiryayye ne.

"To ai shi ya sa," in ji wani. "In ya ji ganga sai ya ɓata musu shirin."

Aka yi dariya. Na ninke takardar na zauna. A bayanin taro na rubuta cewa an kawo roƙo ba a karanta ba, na ɗauka na sauke nauyi ke nan. A bayan motata aka saka gangar.

Da rana aka yi wasan, a wani ɗakin taro kusa da garin Pleasant Garden, mai kujerun ninkewa da ƙamshin gugguru. Abokin karawarsa saurayi ne mai jan gashi, sana'arsa rufin gidaje. Sun jima suna jefa juna kan igiyoyi, mutanenmu suna ihu. Da ƙarshe ya zo, saurayin ya rungumo ƙugunsa zai ɗaga shi sama. A daidai nan dattijon ya buga taken.

Ƙafafun ɗanmu nake kallo. Na ga ya ware su, ya kafa diddige, ya sauke nauyinsa ƙasa kamar mai tsaye cikin yashi. Tsallen da ake jira bai zo ba. Saurayin ya riga ya ɗauko, ya kasa kaiwa sama, ya kasa sakewa, suka tafi tare. Ɗanmu a kan wuyansa ya sauka. Mutanenmu suka miƙe da sowa, domin sun ga ɗansu ya ƙi kaye. Gangar ba ta yi shiru ba sai da alƙalin wasa ya durƙusa yana kiran masu agaji.

A makon farko an cika asibiti. Daga nan magana ta sauya. Waɗanda suka hana ni karanta takarda su ne suka fara cewa ashe wasan ƙarya yake yi, da ɗan kamfai a gaban mata, ya zubar mana da mutunci. Da aka mayar da shi gidan jinya, Alhaji ya ce a dakata da sa sunansa a jerin dubiya har hankali ya kwanta. Ba a sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na riƙa zuwa ni kaɗai ranar Lahadi.

A can nake tarar da saurayin mai jan gashi. Shi yake yi wa ɗan kokawar aski, ya koyi cewa "sannu", ya bar resilin tun ranar. Har yau ya yi imani hannunsa ne ya kuɓuce.

Wata Lahadi, bayan saurayin ya fita, ɗan kokawar ya juyo da idanunsa, domin su kaɗai yake iya juyawa yadda yake so.

"Malam Sakatare, ka karanta musu kuwa?"

"Ban karanta ba."

Ya mayar da idanunsa rufi. Sannan ya ce in gyara masa matashi, wuyansa ya gaji. Bai sake tambayata ba, kuma bai daina gaishe ni da murmushi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka nake roƙon ƙungiya, a rubuce kamar yadda ƙa'ida ta tanada, da ta naɗa mutum uku waɗanda ba su zauna a wancan kwamiti ba, su binciki yadda aka yanke shawarar tafiya da ganga, su fara da ni. Ina roƙo a karanta takardarsa a gaban taro, a mayar da sunansa jerin dubiya daga wannan makon. Ina kuma roƙo a tura dattijai biyu, tare da mai yi musu tafinta, su je su sami saurayin nan su gaya masa da bakinsu cewa ba hannunsa ne ya kuɓuce ba.