Sunan da Ba Ya Cikin Takarda

Shekara ashirin da biyu Manasseh ya yi a wani ɗan shago a Erdington ta ƙasar Ingila yana sassaƙa sunayen matattu a duwatsun kabari. Hannunsa ya rubuta sunayen Turawa ba adadi, amma mahaifinsa ko tsakuwa ba a taɓa aza masa ba. Mahaifin masunci ne, ruwa ya ci shi a kogin Kaduna Manasseh yana ɗan shekara tara, ba a ga gawa ba. Kuma Manasseh mutum ne na da, bai taɓa kama sunan mahaifinsa da baki ba. Baba, shi ke nan.

'Yarsa Delight, mai zanen gine-gine a Manchester, da wannan labarin ta tashi. Da wani garin bakin teku ya nemi wanda zai tsara abin tunawa da masuntansa da teku ta cinye, sai ta tsaya gaban kwamiti ta ba su labarin kakanta har da hawaye. Ita ta samu aikin: doguwar katangar baƙin dutse mai fuskantar ruwa. Rubutun sunaye kuwa ta ba ubanta, ya yi ta murna kamar an ba shi sarauta.

Wata huɗu yana duƙe. Da ya gama sunan ƙarshe, sai ya ga ɗan fili a can ƙasa, inda ciyawa ma za ta rufe. Ya sassaƙa haruffa biyar ƙanana: Bobai. Rabonsa da barci mai daɗi irin na ranar har ya manta.

Delight ta zo dubawa da 'yan kwamiti biyu, da takardar sunayen a hannu. Idonta kuwa ba ya barin komai.

"Dad, what's this? Bobby? Ba ya cikin list, kuma spelling ɗin ma wrong ne."

Sai a lokacin ya gane bai taɓa faɗa mata sunan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kakanki ne."

Ya ɗauka kuka za ta yi, irin wanda ta yi wa kwamiti. Ina! Ta rage murya don kada baƙin su ji.

"A kogi ya mutu, Dad. River. Wannan na teku ne. Kada ka ba ni kunya."

Ta juya ta ce wa Turawan da murmushi, kuskure ne, idon tsohon ya fara rauni, yau za a gyara.

Ba ta nemo wani ba, don babu mai hannunsa. Shi ya jona injin goge dutse, ya durƙusa. Shekara hamsin da ɗaya da mutuwar, bakinsa bai taɓa furta sunan ba. Ya kira shi sau ɗaya, a cikin ƙarar injin, babu wanda ya ji. Sannan ya zuba ruwa ya wanke ƙurar.