Iyakar Gonar Inna

Shekarun baya, lokacin da rashin tsaro ya taso mu daga ƙauyenmu na wajen Kuyello muka dawo cikin garin Birnin Gwari, ina ajin ƙarshe a karatun kwamfuta. Aikin kammalawata shi ne in tattara bayanan gonakin ƙauyenmu a XML, wato tsarin da ake sa wa kowane bayani lakabinsa, in riƙa zaƙulo su da XQuery, yaren da ake tambayar kwamfuta irin waɗannan bayanai da shi. Tsoronmu kada daji ya cinye gonakin, ranar komawa kowa ya rasa iyakarsa.

Ni kuwa lokacin ji nake ba wanda ya kai ni. Na tsara cewa gurbin iyaka lamba kaɗai zai karɓa, irin ta taswira. Sai na zo kan mahaifiyata.

"Inna, ina iyakar gonarki?"

"Daga tsamiyar da babanka ya faɗo garin ɗiban zuma, ka miƙe har inda ruwa ke kwanciya da damina."

Na shigar, kwamfuta ta ƙi, wai nau'in bayanin bai dace ba. Da na gaya wa Inna sai ta taɓe baki. "To ka ce mata ban yi boko ba. Ita ta taɓa riƙe fartanya?"

Abokina ya ce in ƙirƙiro lamba kawai, ai malami ba zai shiga daji ya duba ba. Wallahi saura kaɗan in yi. Amma lambar ƙarya gonar wa za ta nuna? Sai na gyara tsarin, gurbin lamba ya iya zama fanko, na ƙara gurbin sharhi mai karɓar rubutu zalla. Na zuba maganar Inna yadda ta faɗe ta, har da faɗowar Baba. Malamina ya karanta, ya yi dariya har da hawaye.

Da hanya ta lafa muka koma, Inna ba ta ga ranar ba, Allah ya jiƙanta. Ciyawa ta fi ni tsayi, kunyoyi duk sun baje. Na buɗe sharhin a waya, muka kutsa ni da yayana muna neman tsamiya. Tana nan, har da ƙudan zumarta.

Tun daga nan ban ƙara tsara nau'in bayanai ba tare da barin gurbin sharhi ba. Yanzu na san lambar gonar, amma na kasa cike gurbinta. Na fi so duk sanda na zaƙulo, Inna ta fito tana yi wa Baba tsiya.