Abin da Lauyan Bagdadiyya Ya Sayar Mini

Mijina bai taɓa shan giya ba. Mutum ne da ko shayi ya cika ƙarfi sai ya ce kansa na juyawa. Duk da haka an kama shi da laifin tuƙi cikin maye, kuma ladabinsa ne ya kusa sa a ɗora shi a jirgin ruwa a raba shi da Jidda.

Direba ne a gidan wani attajiri mai gidan hutu a Abhur, a shekarun da hanyar can take siririya, raƙuma suna tsallaka ta yadda suka ga dama. Ana shirin biki a gidan, uwargidan ta aike shi da kaya, har da kwali guda na kolonya, turaren lemon nan da ake zuba wa baƙi a tafin hannu. Don tsabar tattali ya ɗora kwalin a kujerar gaba kusa da shi. Da la'asar raƙumi ya faɗo masa, ya kauce, motar ta daki katangar wani gini. Kwalabe suka farfashe a jikinsa, goshinsa ya bugu da sitiyari, ya fito yana tangaɗi yana ƙamshi tun daga nesa. A lokacin kowa ya san akwai masu kwankwaɗar kolonya, tunda giya ba a kasuwa take ba. 'Yan sanda suka shinshina shi suka tafi da shi.

Har nan da sauƙi. Abin da ya ɓata lamarin shi ne zuwan Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, da wasu dattawan unguwarmu biyu.

Mu dai haka muka taso. Idan naka ya shiga hannun hukuma, ba a tsayawa tambayar wa ke da gaskiya. Manya ne za su sa manyan riguna, su je su sunkuyar da kai su ba da haƙuri. A wurinmu ko kai aka taka wa ƙafa, kai ma sai ka ce a yi haƙuri. To, haka Kawu ya yi. Ya gaya wa jami'in cewa yaro ne, kuskure ne, ba zai ƙara ba. Yaron nan fa ya haura arba'in. Sannan ya juya ya ce da mijina ya ce ya tuba, shi kuwa bai taɓa musa wa babba ba, ya ce ya tuba. Jami'in ya rubuta, ya miƙo masa tawada, ya dangwala yatsa.

Ina tsakar gida ina dakan yajin da nake kai wa masu tsire, Kawu ya yi sallama yana fara'a.

"Halas, an gama, 'yata, kwantar da hankalinki. Mun ba su haƙuri, har ya sa hannu."

Na ajiye taɓarya. Ni haihuwar Jidda ce, na san takarda, na san abin da ake nufi idan mutum ya dangwala yatsa a ƙasan rubutun ɗan sanda. Mijina ya amsa laifin da bai yi ba. Abin da zai biyo baya bulala ce, bayan bulala a soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa, a mayar da shi ƙasar da ya baro yana goye a bayan uwarsa. Bai san kowa a can ba, ni kuma ga 'ya'ya huɗu. Na ji tsoro a ranar, amma fushina ya fi tsorona yawa.

Kafilinsa, attajirin da yake wa tuƙi, ya aiko cewa sai hukuma ta gama nata. Na ce to, Allah ya saka.

Wata maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan da ke shara a wasu ofisoshi a unguwar Bagdadiyya, ita ta ce mini akwai lauya a saman wani kantin yadi. Mutanenmu ba sa zuwa wurin lauya a lokacin. Iyakarmu mai rubuta takardar koke da ke zama a bakin kotu da ɗan teburinsa. Na ja abayata na hau benen ni kaɗai.

Siririn mutum ne mai tabarau. Ya saurare ni har na gama, ya dafe kai da na zo kan maganar Kawu. Na tambaye shi nawa zai karɓa.

"Riyal dubu biyu."

Albashin mijina na kusan wata biyar ke nan. Na fara ciniki yadda na iya, na taya rabi, na yi kamar zan tashi.

"Ya Hajja, nan ba kasuwar Bab Makka ba ce," in ji shi, ko murmushi babu.

"To, ya ustaz, kai za ka tsaya masa a gaban alƙali?"

"A'a. A irin wannan shari'a alƙali daga bakin mai ita yake son ji. Zan rubuta takarda, in kuma gaya miki abin da zai faɗa."

Wato takarda ɗaya da 'yan kalmomi zan saya da wannan uban kuɗi. Na dube shi na ce a raina ɓarawon zaune ne. Amma a duk mutanen da na yi wa magana a makon, shi kaɗai ne bai ce in yi haƙuri ba. Washegari na kai warwarayena na zinare kasuwa, na hau benen da kuɗinsa cif.

Ga abin da ya sayar mini. Ya ce a laifin da ke da haddi, idan mutum ya janye amsawarsa a gaban alƙali, ba a yi masa bulala da ita. Wari kaɗai kuma, ga fasassun kwalabe, abin shakka ne. Ya ce in nemo mai kantin da ya sayar da kolonyar ya zo ya shaida. Sannan ya cire tabarau ya ce:

"Ki gaya masa kada ya ba kowa haƙuri. Ko alƙali ya daka masa tsawa, ya ɗaga kai ya ce bai sha ba. Tsofaffin nan kuma ki hana su zuwa."

Mai kanti bai ba ni wahala ba. Mijina ne aikin. Duk ranar ziyara sai in kai abinci in tsaya ta bayan wayar shingen da ta raba mu, in murtuke fuska in zama alƙali.

"Kai, ka sha ko ba ka sha ba?"

"Wallahi, Allah ya gafarta malam, in dai an ga na yi kuskure..."

"Malam! Zinarena na sayar. Sake."

Sauran matan da suka zo ziyara har dariya suke yi mana. Sai a zuwa na huɗu ya iya cewa "ban sha ba" ya rufe baki bai ƙara komai ba.

Kawu kuwa gidansa na je na durƙusa, na ce don Allah ranar shari'a su zauna a gida. Ya dube ni ya ce:

"Yanzu ke kuɗi kika kai wa bare ya koya wa mijinki rashin kunya?"

"E, Kawu. Da tsada ma na saya."

Bai amsa gaisuwata ba har shekara ta zagayo. Ya yi mini ciwo, don tsoho ne mai kirki, kuma da zuciya ɗaya ya yi abin da ya yi.

Ranar shari'a ina zaune a bencin mata a waje, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Alƙali ya karanta takardar lauya, ya saurari mai kanti, sannan ya tambayi mijina. Ya ce bai sha ba. Na saki numfashi. Sai alƙali ya kawo tambayar da ban taɓa yi masa a bayan waya ba.

"Ga ɗan sandan da ya kama ka a tsaye. Kana nufin abin da ya rubuta ba gaskiya ba ne?"

Na san mijina, na san bai taɓa ƙaryata mutum a kan idonsa ba. Na damƙe gefen bencin har yatsuna suka yi zafi. Can na ji muryarsa ta fito.

"Rigata ya shinshina, bai shinshina bakina ba. Abin da ya rubuta ba haka ba ne."

Bayan kwana uku aka sake shi, iƙamarsa tana aljihunsa.

Na zaci zai gode mini. Da yaran suka gama tsalle a kansa suka fita, ya zauna a bakin gado ya ƙi taɓa abincin da na ajiye.

"Kin sa na kunyata bawan Allah a gaban jama'a," ya ce. "Shi ma fa aikinsa yake yi."

Da gaske fushi yake, har idonsa ya kawo ruwa. Na tura masa kwanon gabansa.

"Yi fushinka, Malam, ka yi har ka gaji. Ni dai a ɗakina kake yin sa."